Kyandirorin da Na Zana da Biro

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe gaban mutane a wani kafen intanet na Samaru ina koya musu abin da ni da kaina na ƙirƙira ba. Ko yanzu na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ban daɗe da zuwa Zariya ba. Daga kudancin Kaduna aka turo ni koyar da lissafi a wata sakandare a Jushi, na kama ɗaki a Dogarawa. Ban san kowa ba. In na taso makaranta sai in dafa taliya, in ci, in wanke tukunya, in zauna ina sauraron hirar maƙwabta ta bango. Ranar Lahadi a coci a gaishe ni hannu bibbiyu, a watse a bar ni tsaye bakin ƙofa. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, har rediyon da lafiyarsa ƙalau na taɓa kwancewa don in sami abin yi.

Shi ya kai ni kafe. A shekarun nan zazzaɓin cinikin intanet ya kama gari, ni kuma na faɗa ɓangaren da ake kira fyucas, wato cinikin alkawarin kaya irin su ɗanyen mai da zinariya a kasuwar Amurka. (Asusun gwaji nake amfani da shi, wanda ba kuɗin gaske a ciki, albashin malami ba abin wasa ba ne.) Farashi yana fitowa a allo kamar kyandirori a jere, kore in ya hau, ja in ya sauka. Amma gaskiya ba kasuwar ce ta riƙe ni ba. Wasu mutane ne da ke haɗuwa duk Asabar a kusurwar kafen, shugabansu Malam Sabi'u, wani ma'aikacin ofis mai yawan fara'a. Su baje takardu, su yi gardama, su aika a sayo tsire. Ni ina can gefe, idona a allo, kunnena a wurinsu. Kujera nake so a cikinsu, ba wani abu ba.

Sai na ce bari in zo da abin da zai sa su neme ni.

Duk sanda na buga zanen farashi a takarda, sai in ga inda kasuwa ta tashi jiya daban, inda ta buɗe yau daban, tsakani kuma giɓi, ba kyandir ko ɗaya. Ban yi mamaki ba. Wanda ya girma ana ɗauke masa wuta, ya saba netwok ya yanke yana tsakiyar aika saƙo, me zai zata? Na ce janareton kafe ne ya mutu ya cinye min kyandirori. Ni kuwa malamin lissafi ne, ba na barin gurbi a takarda. Na sayi biro ja da kore a kasuwar Sabon Gari, na ɗauko rula, na riƙa cike kowane giɓi daki-daki. Bayan 'yan makonni na baje takardun a kan katifa, sai ga abin al'ajabi: kullum kafin kasuwa ta buɗe, farashi yana tafiya a tsare kamar matakala! (Yo ba dole ba, ni na zana shi.)

Na roƙi Malam Sabi'u ya ba ni dama, ya ce bismillah. Na goge rigata ta zuwa coci, na tsaya na yi ta zuba, har da nuni da rula. Sai Rifkatu, wata ɗalibar digiri na biyu, ta ɗaga takardata kusa da fitila.

"Ticha, waɗannan kyandirorin fa? Nawa allon bai nuna su ba."

"Ai netwok ne ya cinye su," na ce ina murmushi, "sai na mayar."

Malam Sabi'u ya ajiye tsinken tsirensa. "Ka mayar daga ina, Malam?"

"Daga... lissafi."

Rifkatu ta ja kujera gaban kwamfuta, ta danna wani ɗan akwati a gefen allo. Nan take giɓin ya cika da kyandirorin gaskiya, wani ya faɗi ƙasa warwas, wani ya yi tsalle, ba su ko kama hanyar matakalata ba.

"Cinikin rana na can Amurka kaɗai ka sa allonka ya nuna," in ji ta. "Kasuwar nan tana ci cikin dare har safiyarmu. Ba ɓata suka yi ba, Ticha, kai ne ba ka nan."

Wani ya fara ƙyalƙyalewa, saura suka ɗauka. Na tattara takarduna na fita, ko rular ban tsaya ɗauka ba. A bas ɗin Sabon Gari na kifa kai a jikin kujera har muka iso.

Ban sake taka Samaru ba. Duk Asabar ina ɗaki ina ayyana yadda suke kwaikwayon muryata suna dariya. Haka na yi watanni, ni da tukunyata.

Wata rana ina tayin tumatir a kasuwa na ji an ƙwala kira: "Ticha mai biro!" Malam Sabi'u ne. Tun zuwana garin ba wanda ya taɓa kirana daga tsallaken hanya.

"Haba Malam, ina ka shiga? Mun yi ta cigiyarka, ba wanda ya san gidanka. Asabar ɗin da ta biyo har kujera muka ajiye maka. Wa bai yi irinta ba? Ni fa faɗa na yi da mai kafe a kan giɓin nan!"

Na ce to zan zo wannan Asabar. Ya girgiza kai. An rufe kafen, Rifkatu ta gama karatu ta tafi, shi ma an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kaduna. Ya ce rulata tana wurinsa har yanzu.

Na koma Dogarawa da tumatir ɗina, na ɗora tukunya. Sau biyu ke nan ina zana abin da ya faru a inda ba na nan, kyandirori da farko, sannan dariyar da na zaci suna yi min, kuma na biyun ya fi ciwo. Tun daga ranar, in na ga giɓi tambaya nake yi. Biron kuwa na mayar da shi na makin jarrabawa.