Sawun Wani Yaro a Bangon Fada

A wani daji akwai tsohuwar fadar zakuna wadda damina ta ci rabinta. Azara ta ruɓe, soro ya tsage, bangon gabas kaɗai ya tsira. A jikinsa ne, tun kaka da kakanni, ake danna ƙafar kowane jariri na dabbobin dajin a ɗanyen yaɓe.

Wata tsohuwar barewa, Yalwa, tana da sawu ɗaya can ƙasa, ɗan mitsitsi, a karkace don mai shi ya ƙi tsayawa. Na ɗanta na fari ne, wanda maharba suka ɗauke. Yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Da ya tafi sai ta koma kiwo gindin bangon, wai ciyawar wurin ta fi daɗi, ciyawar da ko jaki ba ya kallo.

Ran nan majalisar dabbobi ta zauna, Kura na shugabanta, kan gyara fadar a mai da ita masaukin baƙi. Ba a kai ga maganar azara ba Giwa ta miƙe.

"An ce sawun giwa ya taka na raƙumi, amma a bangon nan na kakata yana ƙarƙashin na zomo. A fara gyara wannan."

Zomo ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a taɓa nasu ba. Aka yi ta cacar baki har Dila ya yi gyaran murya.

"Jama'a, adalci shi ne a shafe duka da sabon yaɓe, kowa ya huta. Mai ja ya tashi ya faɗi sawun wa yake karewa."

Yalwa ta tashi.

"Na wa, Iya?" in ji Kura.

"Ranki ya daɗe, na wani yaro ne."

"Wane yaro? Sunansa?"

Sunan ya zo mata har baki. Ta dubi taron, ta sunkuyar da kai. "Wani yaro dai, mai ƙiriniya."

"Iya, majalisa ba ta san wani yaro ba," in ji Dila cikin ladabi. "Zauna ki huta."

Aka shafe bango sumul. Amma da baƙi suka fara zuwa, bangon sawu suke tambaya, don labarinsa ne ya kawo su. Sai aka sa Biri ya zana sababbi da tsinke, manya a sama, ƙanana a ƙasa.

Yalwa ta je ta duba. A gurbin sawun ɗanta ta tarar da sawun barewa kyakkyawa, miƙe sak. Ta waiga ba kowa, ta kai baki jikin bango, ta kira sunan a hankali.

Baƙi kuwa sun yaba ƙwarai. Sun ce ba su taɓa ganin tarihi mai tsabta haka ba.