Ajiya a Ƙirjin Manjo Badamasi

Duk wanda ya bi ta bodar Jibiya bai ga Manjo Badamasi ba, ya koma ya sake biyowa, don bai ga komai ba. Ga shi can a rumfar da ke kallon shingen kwastan, a kan kujerar robar da ya sa aka yi wa koren fenti, hula a karkace, sanda a hammata, gashin baki ya sha mai. Shi ne shugaban Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Bakin Iyaka, shi ne sakatarenta, shi ne kuma mai riƙe da hatiminta. Direbobin Maraɗi suna kiransa Janar na Rumfa. Yana ji, ba ya kuma musawa, don mutum ne mai tawali'u.

Jarumi ne, wannan ba a magana. Yaƙin da ya yi a Laberiya kullum ƙaruwa yake yi. Bara 'yan tawaye arba'in ya kora shi kaɗai, bana sun kai ɗari da ashirin, kuma ba a gama ƙirgawa ba. Mai shayin da ke gefen rumfar ya haddace labarin, har yakan tuna masa idan ya tsallake wani kogi. A ƙirjin Manjo akwai ƙatuwar lambar yabo mai ruwan zinare, da kan rago a tsakiya da rubutun Faransanci a zagaye. Ya ce Faransawa suka ba shi, ragon kuwa alamar bataliyar da ke fara tunkarar abokan gaba ce. Littafin sallamarsa daga soja ba wanda ya taɓa gani, domin cike yake da sirrin tsaro.

Bara, a faretin ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Manjo ya kafa doka.

"Daga yau," in ji shi, yana buga sanda a ƙasa, "duk lambar da ba ta cikin littafin sallama, ba ta hawa ƙirji. Doka ce, kuma ta hau kan kowa, har ni da nike magana!"

Nan take ya duba nasa littafin, shi kaɗai, a bayan rumfa, ya dawo ya sanar cewa komai daidai ne.

Sai aka zo kan Saje Yusha'u, wani dattijo mutumin Bugaje mai gadin tashar mota, wanda yake ɗingishi da ƙafar hagu tun da ya dawo daga Saliyo. Lambobi biyu gare shi, ta Laberiya da ta Saliyo, yana ajiye su cikin gwangwanin madara sai shekara ta zagayo. Aka buɗe littafinsa, aka tarar akawun da ya cike shi shekaru ashirin da suka wuce ya bar gurbin lambobi fayau. Yusha'u bai taɓa lura ba, don shi bai taɓa zaton wata rana za a nemi takarda ta shaidi ƙafarsa ba.

Manjo ya cire lambobin da hannunsa, a gaban jama'a, ya ce ƙungiya za ta ajiye su har gaskiya ta bayyana. Da yake ƙungiyar ba ta da kabad, sai ya duba ya ga babu wurin da ya kai ƙirjin shugaba tsaro. Washegari aka gan shi da lambobi uku, ya ɗauki nauyin ajiyar ba tare da ƙorafi ba.

Abin ya yi wa Yusha'u ciwo ƙwarai. 'Yan acaɓa suka sa masa Sajen Bogi. Ya daina zama a majalisa, sallah ma sai a sahun ƙarshe, yana sallamewa ya fice. Mutumin da ya bar rabin ƙafarsa a ƙasar wasu, yau a garinsu ake ce masa maƙaryaci, kuma ba shi da bakin rama wa kansa.

Amma yana da 'ya. Rabi'a 'yar kasuwa ce mai kai atamfa Maraɗi, mace ce da ta saba tsayawa gaban 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, ba ta ƙifta ido. Ta je Katsina ta tambayo yadda ake gyara littafin sallama. Aka ce sai fom, da rantsuwa a kotu, da shaidar mutum biyu da suka yi aiki tare da shi, da hoton lambobin gaba da baya, domin a bayan kowace akwai lambar sojan mai ita. Sai kuma wasiƙar shugaban ƙungiya. Ta samo shaida ɗaya a Mazanya yana noman gero, ɗaya a ƙauyen Kusa ya kusa makancewa, dukkansu suka dangwala hannu suna tsine wa wanda ya taɓa Saje.

Hoto ne ya zama aiki. Manjo ya ce kayan ajiya ba sa barin ma'ajiya. Don haka a ƙirjinsa Rabi'a ta ɗauke su, ta juya su ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya ƙame, ya ɗaga haɓa, yana tambaya ko fuskarsa ta fito.

"Ta fito, ranka ya daɗe," in ji ta, tana kallon ragon nan. Ta karanta abin da ke zagaye da shi, ta haɗiye dariyarta, ta ce a ranta ba yau ba.

Wasiƙa kuwa wata biyu ta ɗauka. Yau shugaba yana nazari, gobe tawadar hatimi ta bushe. Da ta fito, shafi uku ce. Shafi biyu da rabi tarihin Manjo ne, da 'yan tawayensa da kogunansa, da roƙon cewa lokaci ya yi da ƙasa za ta tuna da shi. Yusha'u ya samu layi ɗaya a ƙasa. Sannan Manjo ya danna hatimi, hatimin da ya sa aka sassaƙa masa da lambar aikinsa ta soja, ta gaskiya, domin lambobinta suna da yawa kuma suna yi masa kyau a ido. Bai kawo a ransa cewa a ofishin da za ta je, aikinsu ke nan neman lamba a cikin fayil ba.

Amsa ta iso saura kwana huɗu faretin bana, da sunan shugaban ƙungiya a bayan ambulan. Manjo ya auna nauyinta a tafin hannu, ya san ƙasa ta tuna. Ya ƙi buɗewa sai ranar faretin. Albishir irin wannan, in ji shi, ba na mutum ɗaya ba ne. Ya gayyaci wakilin hakimi, da 'yan kwastan, da wani tsohon jandarma daga tsallake, don Nijar ma ta ji. Ya ari lasifika, ya kira Malam Shamsu na makarantar sakandare ya karanta, ya kuma fassara da Hausa layi bayan layi.

"Malam, kar ka rage ko wasali," in ji shi. "Abin da sunka rubuta, shi za ka hwaɗi."

Malam Shamsu mutum ne mai bin umarni. Ya karanta cewa an binciki fayil ɗin Saje Yusha'u, an tabbatar lambobin biyu nasa ne, an gyara littafinsa, ana kuma ba shi haƙuri. Ya karanta cewa an gano ta uku da ba a taɓa miƙa masa ba, ta ranar da ya ɗauko abokan aikinsa biyu da rauni a ƙafarsa, kuma tana tafe. Yusha'u, da Rabi'a ta jawo shi da ƙyar ya tsaya can bayan motocin albasa, ya sa hannun riga ya goge ido.

"Ci gaba," in ji Manjo. "Nawa shina ƙasa."

Yana ƙasa kuwa. Ofishin yana godiya ga Kofur Badamasi, wanda fayil ya nuna ya yi shekara goma sha biyu yana tuƙa tankar ruwa a bariki, cikin ɗa'a, bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa fita ƙasar waje ba. Ana roƙonsa ya mayar da lambobin ga mai su da hannunsa.

Lasifikar aro ce, amma tana da ƙarfi. Har 'yan tsallake sun ji.

Rabi'a ce ta taya Kofur cire lambobin daga ƙirjinsa. Ta maƙala wa ubanta lambobinsa. Tsohon ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai kyau, ya sara wa tuta, tsofaffin sojoji suka sara masa, 'yan acaɓan da suka sa masa suna suka shiga danna ham kamar ba su ba.

Saura ɗaya a ƙirjin shugaba. Mai shayi ya tuna wa jama'a cewa doka ta hau kan kowa. Tsohon jandarman nan ya matso cikin ladabi, ya sa tabarau, ya karanta Faransancin da ƙarfi: gasar dabbobi ta Maraɗi, rukunin raguna, na biyu.

"Ku bar mashi abinshi," in ji Yusha'u, maganarsa ta farko a cikin taro tun bara. "Ruwan bariki mun sha, kuma wallahi bai taɓa yankewa ba."

Yanzu Saje yana sallah a sahun gaba. Janar na Rumfa kuwa yana nan a kan koriyar kujerarsa, 'yan tawaye sun bar zuwa. Sai dai idan mota ta yi zafi a layin boda, direba yakan leƙo ta taga ya ɗaga murya:

"Kofur! Ina ake samun ruwa nan kusa?"

Yakan kau da kai, ya tsuke baki. Sannan ya nuna da sanda, domin wannan kam ya sani.