Ranar da Ɗankwalina Ya Riga Ni Sauka

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wani yawon Sallah da ɗana Nasiru ya kai mu ba. Aure ne ya kawo ni unguwar Nima daga Maradi tun ina da ƙuruciya, amma har na aurar da 'ya'ya ban iya Twi ba, yaren da aka fi ji a garin. To me zai sa in koya? Mai nama Hausa, mai waakye (shinkafa da wake) Hausa, yaron trotro, motar hayarmu, ma in ka matsa masa Hausa zai yi. Abin da na tara duka bai wuce “yoo” da “medaase” ba, wato “to” da “na gode”.

Sai Nasiru ya ga yarinya a unguwar Maamobi. Uwarta, Maame Adiza, Musulmar Asante ce, kuma ta ce ba ta son ba da 'yarta gidan masu girman kan da za su tsufa a gari ba su koyi yarensa ba. Shi kuwa ɗan albarka, don ya gyara zance, ya ce mata ai uwarsa Twi kamar a Kumasi aka yanke mata cibi. (Na yi masa faɗa, amma ban ƙaryata ba, gaskiya ma daɗi na ji.)

Don mu saba, ya kwashe mu zuwa wani wurin wasa mai liluka a bayan gari. Na sha leshi, na kafa ɗaurin da sai na sunkuya kafin in shiga mota. Maame tana ta zuba Twi, ina ta “yoo”. In ta yi dariya in yi, in ta ɓata rai in girgiza kai.

Muka shiga layin wani lilo. Wata ma'aikaciya ta yi dogon bayani da Turanci, ta maimaita da Twi, mata suka fara cire ɗankwali suna ɗaure gyale tamau, wasu tsofaffi suka fita daga layi. Ma'aikaciyar ta dubi ɗaurina, ta matso da ladabi ta ce da Hausa, “Hajiya, muna da mai bayani da Hausa, in kira shi?”

Ga taimako har gida. Amma Maame na gefena tana kallo. Na ɗaga hanci na ce, “Yoo, medaase,” na yi mata alama da hannu ta wuce.

Ashe bayanin shi ne lilon nan kifa mutum yake, kai ƙasa ƙafa sama, mai hawan jini ya fita, mai ɗauri ya cire. Juyin farko ɗankwalina ya yi sallama da ni. Kuma abin da ban faɗa muku ba, mai kitso ba ta gama da ni ba ranar jajibere: gefe ɗaya shuku, gefe ɗaya tsaye kamar tsintsiya. Na yi salati, na kira uwata da ta daɗe a ƙasa, sannan na ware murya na ce, “Wallahi ba na jin Twi, ku sauke ni!”

Da aka tsaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Maame ta yi dariya har da hawaye, ta cire mayafinta ta rufa mini kai, ta ce da Hausar Zango, “Hajiya, kai ba ka ji, me ya sa ba ka faɗa? Tun a mota na ce maka kakana ya mutu, ka yi dariya, na gane.” (Ni ce “kai” ɗin, a nan ba a bambancewa.)

Na ce, “To aure fa?”

Ta ce, “Wanda ya hau wannan abu saboda ɗansa, zai riƙe mini 'yata. Amma za ka koya.”

An yi biki lafiya. Yanzu duk Juma'a Maame tana zuwa ta koya mini, matar Nasiru na gyara mini baki tana ɓoye dariya, ni kuma ina jin daɗin abina. Abin da na koya dai, in aka ce a kira maka mai fassara, ka ce a kira. Kunyar “ban gane ba” a ƙasa ake jin ta, da ɗankwalinka a kai.