Ranar da Kaka Alfred Ya Tada Motar Hilda

"Lafiya lau na kwana, amarya, sai dai wani jaki da ya hana ni barcin safe. Na wane ne yake ta haki a ƙofar gida tun ɗazu?"

"Naka ne, ango. Shi zai kai ka Kano."

Hilda ce ta amsa daga bayan motarta, hannayenta duk baƙin mai. Nas ce a asibitin Gombe. A shekarar ƙarin albashin Udoji ta sayi 'yar mota ƙirar Bitil ruwan toka, kuma a layinsu na Herwagana ita ce mace ta farko da aka ga ta riƙe sitiyari. Wanda ya fito yana dogara sanda kuwa kakanta ne na wajen uwa, Alfred, da ta ɗauko daga Kaltungo. Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance komai sai haske da duhu. Likitan ido a Kano ya ce su zo gobe da safe a yi masa aiki, in suka kuskure sai bayan damina. Tsohon ba ya son tafiyar, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ga kaya an ɗaure, ga rana tana ɗagawa, mota kuwa ta ƙi tashi.

"Ai na gaya miki, ƙarfen nan ya fi ki hankali. Ya ga direba, ya ce a'a."

"Fasinja ya gani. Ya ce bai saba ɗaukar kayan tarihi ba."

"To ki kira bakaniken naki mana, wannan Dalhatu."

"Ya tafi Jos tun jiya, sai jibi."

"Madalla! A kwance kaya, a dama mini kunu. Allah ya yi ba za a yanka ni ba."

"Ko a bayana zan goya ka, Kaka, sai ka je."

"Da wane bayan? Wannan da ko akuya ba za ta yarda da shi ba?"

Hilda ba ta yi dariya ba. Ta shiga ta sake murɗa makulli, inji ya yi ta juyi, ya ƙi kamawa. Ta taka totur ta saki, ta taka ta saki. Tsohon ya juya zai koma ciki, sai ya tsaya. Ya karkata kai kamar mai sauraron waƙa daga nesa.

"Ke! Cire ƙafarki daga nan. Kina ɗura mata fetur kamar yadda kike ɗura wa 'ya'yan mutane magani."

"Ina ruwan makaho da ƙafata?"

"Ina jin ta a hancina, warin fetur ya cika wuri. Kai ni wajen injin."

Bai jira ba, ya lalubi gaban motar, ya ɗaga murfin da Hilda ba ta kulle ba. Hannunsa ya faɗa kan akwatin kayansa da ƙullin gyaɗa.

"Yesu! Amarya, an sace miki inji. Kuma ɓarawon ya bar miki gyaɗa."

Nan dai dariya ta ƙwace mata. "Babban direban soja ke nan! A baya yake, tsoho. Dama mun san kuku ne kai a yaƙin Hitila, albasa ka yi ta yanka wa Turawa."

"Ni Alfred? Ni da na ja motar harsashi a dajin Burma, birai na sara mini? Na dawo na yi shekara goma ina jan motar auduga, lokacin ko hancin nan naki ba a ƙera ba."

Tun tana ƙarama take jin wannan labari, kuma kowace shekara biran ƙaruwa suke yi. Ta kama hannunsa ta kai shi baya don kawai ya bar ta ta yi tunani.

Ya jingina sandarsa, ya durƙusa. Yatsunsa suka shiga bin ƙarafan a hankali, suna tsayawa, suna wucewa. Zolaya ta ɗauke daga bakinsa.

"Ina lagireto? Ina ake zuba mata ruwa?"

"Ba ta shan ruwa. Iska ce ke sanyaya ta."

"Iska?" Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin fanka. "Inji babu ruwa. Mu da muka yi ta yawo da garwa daga rafi zuwa rafi. Kai, ɗan Adam!" Ya girgiza kai. "Je ki murɗa, kada ki taɓa totur."

Ta murɗa. Ya ɗaga hannu ta bari.

"Batir lafiya. Fetur yana zuwa, har ya yi yawa. Saura wuta." Ya zare wayar fulogi guda ya riƙe bakinta da yatsa. "Sake."

"Za ta ja ka!"

"Shi nake nema. Kakarki ma ta sha jana ban mutu ba."

Ta murɗa, bai ko motsa ba.

"Babu wuta. Faɗi gaskiya, me kika yi wa baiwar Allah nan jiya?"

"Ba komai. Wanka kawai na yi mata saboda tafiya."

"Har cikinta?"

"Injin ya yi ƙura."

"Da bokiti?"

"Biyu."

"Jama'a, ku zo ku ga nas! Mota ta ce ba ta shan ruwa, an kwantar da ita an yi mata wankan jego."

Ya lalubi wani baƙin murfi mai wayoyi biyar, ya ɓalle maɗaurai biyu da babban yatsa kamar jiya ya bar aikin. Ya shafa cikinsa, ya miƙo mata yatsan, ga danshi.

"Daga nan ake raba wa fulogai wuta. Ba ni hankici. Mai tsabta, ba wanda kike share hawayen rashin miji ba."

"Rashin miji kuma, ga ka?"

"To ki gode wa Allah. Kawo kwalin ashana."

Ya goge murfin ciki da waje. Ya yagi gefen kwalin, wajen da ake ƙyasta ashana, ya zura tsakanin wasu 'yan ƙarafa biyu da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ya yi ta gogawa. Hilda ta durƙusa kusa da shi. Ita da idanunta biyu sai da ta ƙura sannan ta gan su. Shi kuwa fuskarsa na kallon sama, yatsun ne ke gani. Ta sha tsayawa kusa da likitoci a ɗakin tiyata, ba ta taɓa ganin hannu mai natsuwa irin wannan ba.

"Kaka, ta yaya ka san suna nan?"

"Duk inji ɗaya ne, amarya. Yana son ci, yana son numfashi, yana son wuta. In ya yi shiru, ki tambaye shi wanne ya rasa, kada ki yi ta dukansa. Je ki murɗa."

Ya mayar da murfin, ya sake riƙe wayar. Tana murɗawa ya yi tsalle ya zauna daɓas a ƙasa, hularsa ta yi gefe.

"Ta zo! Wayyo, ta zo da ƙarfinta!" Yana yarfe hannu yana ƙyalƙyala dariya. Ya mayar da wayar. "Yanzu taka totur har ƙasa ki riƙe, kada ki saki, ta amayar da abin da kika ɗura mata."

Injin ya yi tari, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Hilda ta fito da gudu, sai ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya. Tana ɗingishi. Ƙafa uku take takawa."

Ita ba ta ji komai ba sai ƙara. Ya zura hannu can ƙasa ta hagu, nesa da bel ɗin da ke juyawa, ya danna wata wayar fulogi da ta yi sako-sako. Nan take karkarwar ta ɗauke, muryar motar ta daidaita, har ta fi ranar da aka sayo ta. Hilda ta tsaya baki buɗe. Sai kuma wani abu ya faɗo mata.

"Kaka, da ka yi shiru, yau ba mu tafiya."

Ya daɗe yana goge yatsunsa da hankicin.

"Na sani. Tun murɗawarki ta fari na ji ciwonta, na ce bari in kama bakina. Tsoron wuƙar nan nake ji, Hilda. Harsashi bai ba ni tsoro haka ba." Ya sa hannu a jikin motar, tana rawa a hankali ƙarƙashin tafinsa. "Amma abin nan da ke tafiya da iska, ina so in gan shi da idona. In ya so daga baya in daure in kalli fuskarki."

Ta share ido da gefen hannu, ta bar baƙin mai a kumatu.

"In ka gan ni, sai ka roƙi likita ya mayar maka da yanarka saboda kyau ya yi maka yawa."

"Saboda tsoro dai."

Ta cire makulli na biyu daga jakarta, ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Na sallama, direba. Yau ni zan ja. In an buɗe idon, daga Bauci zuwa gida kai ne a sitiyari."

Ya jinjina makullin, ya sa a aljihun gaba, ya ɗaure maɓalli.

"To buɗe mini gaba. Kuma ki miƙo gyaɗar nan, bakanike ba ya aiki da yunwa."