Yadda Za Ka Sa Wayar Haƙori Ba Tare Da Mahaifiyarka Ta Sani Ba

Idan ka haura arba'in, ga iyali, ga furfura ta fara leƙowa a gemu, amma ka ɗauki ƙafa ka je ka kwanta a kujerar likita aka ɗaure maka haƙora da waya kamar ɗan sakandare, to sannu da zuwa. Ba zan tambaye ka me ya kai ka ba. Ka dai bi matakan nan guda bakwai, na ba ka tabbacin za ka ci, ka sha, ka yi sana'arka, ka je gaida mahaifiyarka duk mako, ba tare da ta san akwai ƙarfe a bakinka ba. An gwada hanyar a kan mutum ɗaya, wani mai gyaran wayar hannu da na sani ciki da waje, wanda a gidansu har yau ake kira Auta. Ba ni ba ne. Shekarunmu ne kawai suka zo ɗaya, sai kuma shago.

Mataki na 1: Ka nemo dalili mai mutunci

Kada ka kuskura ka ce don kyau ka yi. Ka ce likita ne ya matsa. In an ci gaba da tambaya ka ce "matsalar tauna ce", ka ɗaure fuska, mutane suna jin nauyin mai matsala.

Gaskiyar lamarin Auta kuwa, mai askin da ke jikin shagonsa ne ya ɗauke shi bidiyo yana ƙyaƙyata dariya, ya tura masa. A nan ya ga fiƙarsa ta hagu ta haye kan maƙwabcinta ta yi zamanta. Shekara arba'in da ɗaya yana yawo da ita a gari, ba wanda ya ja shi gefe ya gaya masa. Ya kai wa matarsa ƙara, ta ɗan leƙa ta ce, "Ai haka na aure ka." Shi kuwa sai ya fassara maganar da cewa baiwar Allah ta daɗe tana haƙuri.

Mataki na 2: Kada ka saurari likita da kunne biyu

Likitoci suna da ɗabi'ar yin muhimmin bayani a daidai lokacin da bakinka yake hangame. Ka bar su su yi ta yi.

Likitar Auta mace ce mai natsuwa. Ta nuna masa hoton haƙoransa a allo, ta ce fiƙar nan ba ta da wurin sauka sai an matsa sauran, filin da ake da shi kuma shi ne na tsakanin haƙoran gaba biyu. "Wato wushiryar za ta rufe," in ji ta. "Ka amince?" Auta yana can yana hango kansa a sabon bidiyo. Ya ce, "Aha."

Sai da aka gama ya fito titi, harshensa yana zagayen duba ɓarna, ya zo kan wushiryar ya tsaya. A nan ya tuna ta wa ce: ta babansu. Su biyar babansu ya haifa, Auta kaɗai ya gado ta. Baban ya rasu shekara tara ke nan, hotunansa uku da suka rage a gidan kuma duk ya tsuke baki a ciki, don yana ganin dariya a hoto zubar da girma ce. Tun rasuwar, duk Asabar in Auta ya je gaisuwa sai Inna ta nemo labarin da zai ba shi dariya. In ya dara sai ta tsaya tana kallon bakinsa, sannan ta turo masa kwano. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, kuma ba wanda bai sani ba.

Ka ga amfanin rashin sauraro ke nan. Da ya saurara da ya fasa, da kai kuma ba ka sami mai koya maka ba.

Mataki na 3: Ka yi sallama da abinci cikin girma da arziki

Ranar farko ba za ka ji komai ba, har ka fara raina waɗanda suka tsorata ka. Ka more ta sosai. Washegari haƙoranka za su tashi kowanne da nasa ƙorafin. Auta ya ciji burodi, sabo mai laushi, ya ji abin har cikin idonsa. Ya ajiye shi a hankali ya zuba wa bango ido.

Abin da za ka ci: ayabar da aka murƙushe da cokali, dafaffen ƙwai, dankalin da ya dahu ya yi luguf, shayi mai ɗumi. Abin da ba za ka taɓa ba: gyaɗa, rake, gasasshiyar masara, cingam, ƙashi, a taƙaice duk abin da ya sa mutum yake ɗokin gari ya waye. Nama sai an yanka maka mitsi-mitsi, ka tura shi can baya, ka tauna a hankali kamar mai gudun tada mai barci.

Matar Auta ta kawo masa ayabarsa da ɗan cokalin robar da aka yaye 'yarsu da shi. "Shi na samu a wanke," ta ce, fuskar nan ba alamar wasa. Ya san akwai cokula cike da kwando. Ya karɓa ya ci.

Ciwon kuwa, ka sha maganin da likita ta rubuta, ka kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ka manna ɗan kakin da ta ba ka a kan ƙarfen da ke yankar kumatunka. Amma kada ka gaya wa kowa kana jin ciwo. Na bincika sosai, duk wanda ka gaya wa amsa ɗaya zai ba ka: "Wa ya aike ka?"

Mataki na 4: Ka sallami bakinka daga aiki

Shekara ashirin Auta da haƙori yake fere wayar caja, ya sa ta cikin wushirya ya fizge. Ƙananan kusoshi a leɓe yake riƙe su. Yanzu sai ya tashi neman filaya kamar baƙo a shagonsa.

Babbar asarar dai ita ce tsaki. Mai gyara ba shi da makamin da ya wuce tsaki. Mutum zai kawo maka waya ya rantse ba ta taɓa ganin ruwa ba, ka buɗe ka tarar da tsatsa, ka ja tsaki mai tsawo, magana ta ƙare. Auta ya gwada a kwana na biyar. Abin da ya fito wani ɗan sauti ne mara asali, tare da yawu, ya sauka a kan gilashin wayar. Mai wayar ya duba ya ce, "To, yanzu kam ta taɓa ruwa, a gabana."

Mai aski zai leƙo ya ce, "Mai waya, har a baki? Akwai sabis a ciki?" Kada ka yi dariya, ƙarfen zai goge maka leɓe. Kada kuma ka yi tsaki.

Mataki na 5: Ka riƙa yawo da jaka kamar mai jego

Duk abin da ka ci, wayar sai ta cire nata kason ta ajiye. Saboda haka ka tanadi jaka: buroshi, man goge baki, wani ɗan siririn buroshi mai ratsa tsakanin ƙarfe, zaren sakace, kaki, madubi. Da ka gama cin abinci ka sulale zuwa famfon bayan shaguna, ka bi ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, har gindin dasashi. Ranar da Auta ya yi ƙiwa, yini guda ya yi yana ciniki da guntun ganye kore a gaban baki. Da yamma mai aski ya ce tun safe ya gani, ya ɗauka da shi aka sayar masa da wayar.

Mataki na 6: Asabar

Duk abin da ya gabata share fage ne. Nan ne aikin.

Asabar ta farko ka sa takunkumi ka ce mura. Auta ya yi haka, Inna ta dafa masa ruwan citta, ya ce sai ya huce, ya bar shi a ƙarƙashin kujera. Amma mura ba ta wuce mako biyu, in ta wuce za a ce a tafi asibiti. Daga nan sai ka koma dabara. Ka zauna inda taga take bayanka. Ka sunkuyar da kai, ka yi magana leɓen sama a sauke, za a ɗauka ladabi ne ya ƙaru maka da girma.

Matsalar ita ce kwano. Inna tana soya kaza duk Asabar, ta ware wa Auta ƙundu da wuya, don tun yana ƙarami shi ne mai tauna ƙashi har a jiyo daga tsakar gida.

"Na ƙoshi, Inna."

"Ka ƙoshi."

"Eh. A juye mini in tafi da shi."

Ta juye masa. A gida matarsa ta zauna a gabansa ta cinye, ta ce zubar da abinci ba kyau.

Sai kuma labarin dariya. Ranar Inna ta ɗauko na maƙwabciyarta da ta shafa man goge baki a fuska a zaton man shafawa ne, har tana kwaikwayon muryarta. Dariya ta taso wa Auta tun daga ciki. Ya danne ta, ya haɗe rai kamar mai zaman makoki, ya ce, "Allah ya kyauta." Inna ta tsaya a tsakiyar labarin, ta ce ta manta ƙarshensa.

Haka aka yi Asabar ta uku, ta huɗu, ta biyar, ta shida. Kullum in ya fito sai ya sauke ajiyar zuciya a ƙofar gida, yana yaba wa kansa wayo.

Mataki na 7: Idan ta aiko a kira ka ranar Talata

Yayarsa ce ta buga masa waya da rana tsaka. "Inna na nemanka. Kai Auta, me ka yi mata?"

Ya rufe shago ya tafi. Ya same ta zaune a bakin gado, rediyo a kashe, ta yafa mayafi kamar mai jiran baƙo.

"Zauna, Auta." Ya zauna, ya manta da maganar taga. "Mako shida ba ka ci abincina ba. Ba ka dube ni ka yi dariya ba. Na yi tunani har na gaji. Ko maganar da na yi ce ran nan, cewa matarka tana cika gishiri? Ko don na ce ka rage tumbi a gaban yayyenka? Tsufa ne, bakina yana riga ni. In na ɓata maka rai, ka yafe mini tun ina raye."

A nan ne hanyar tamu take da ɗan rauni, ban ɓoye maka ba. Na duba, ban sami dabarar da za ta yi aiki a wannan wurin ba.

Kunya ta rufe Auta, irin wadda bai taɓa ji ba. Tsohuwa mai shekara saba'in da shida tana ba shi haƙuri saboda fiƙa. Ya ɗaga kai ya buɗe baki.

Ta daɗe tana kallo. "Miƙo mini tabarau." Ya miƙa. Ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske. "Hatsari ka yi?"

"A'a, Inna. Gyara ne."

"Me ya lalace?"

Shekara ashirin yana yi wa mutane wannan tambayar a shago. Ranar shi aka yi wa ita.

Idonta ya koma tsakiya ya tsaya. Wushiryar ta riga ta ragu da rabi, da ƙyar tsinke zai wuce.

"Za ta rufe duka?"

"Haka likita ta ce."

"Yaushe?"

"Wata biyu, ko uku."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya fara mayar da leɓensa, ta ce, "Tsaya haka tukuna. Kar ka rufe."

Ya tsaya. Ƙarfe yana cin leɓensa, yawu yana taruwa, muƙamuƙinsa yana rawa, bai motsa ba. Ita kuma ba ta yi sauri ba. Can ta saki haɓar, ta cire tabarau tana goge shi da bakin mayafi, ba ta dube shi ba.

"Kafin lokacin," ta ce, "Laraba ma ka riƙa zuwa. Zan dafa maka abin da ba sai an tauna ba."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma mai hankali ba ne sosai. Ba shi da alhakin gyambon kumatu, rama, tsokanar masu aski, ko ƙundun da matarka za ta cinye a gabanka. Ruwan da ya zubo maka daga ido a kowane mataki naka ne, likita ba ta ce waya tana kawo shi ba. Duk wanda ya bi matakan nan har ya sa tsohuwarsa ta ba shi haƙuri kan laifin da ba ta yi ba, shi da Allahnsa, kada ya ambaci sunana. Mai ƙorafi ya same ni a shago, amma ban da Laraba da Asabar, ba na nan.