Rasuwar Safar Hannun da Ba Ta Taɓa Zuwa Sama Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Wendell Rusk, ɗan sama jannati a takarda, nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da maƙwabtanmu na bakin ruwan Galveston rasuwar safar hannuna ta fita sararin samaniya, tagwaye, Dama da Hagu. Dama ce ta cika wata ranar Litinin da hantsi, mako uku da suka wuce, a kan teburin gwaji, tana da shekara shida da wata biyu. Hagu lafiyarta lau, amma doka ta ce ba a raba su, sai aka rubuta su tare.

An haife su a ɗakin Madam Odile Fontenot, wadda ta shekara ashirin tana ɗinka mana safa. Ita ta tsoma hannuwana a kwaɓaɓɓen filasta, ta fitar da siffarsu, ta yi wata uku tana ɗinki a kai, ninki bakwai, daga robar ciki har farin yadin waje. Ta lura ƙaramin yatsana na dama ya karkace tun karayar yarinta, sai ta karkatar da ɗinkinta ya bi shi. Duk duniya ba hannun da zai shiga safar nan sai nawa, kuma ban taɓa samun abin da ya san ni kamar su ba. Na faɗi haka a gaban matata Lorna, ba ta musa ba.

Aiki ɗaya aka yi su dominsa. Akwai wani tauraron sadarwa da injinsa ya ƙi tashi, ya maƙale ƙasa da inda aka nufa, yana ta wulwulawa a banza, mutanen wasu tsibirai kuma na jiran wayar da aka yi musu alkawari. Aka zaɓe mu mu biyar: mu hau kumbo, mu saki sababbin taurari biyu, sannan ni in fita waje in kama maras lafiyan da hannu, a gyara shi. Sau huɗu ana sa rana, sau huɗu ana ɗagawa.

Marigayan masu haƙuri ne. A ƙasan babban tafkin atisaye, inda aka nutsar da kwaikwayon tauraron, sun kama shi sau ɗari biyu da goma sha ɗaya, sau uku kacal ya kuɓuce, su ma laifina ne. Ba su taɓa yar da sifana ba. Ba zan ɓoye aibinsu ba: taurin kai gare su, sun ci mini farce huɗu, na yafe musu duniya da lahira. Surutu bai dame su ba. In na dunƙule hannu su ce "ƙiiƙ", in an cire su bayan awa shida su ce "fuf", shi ke nan maganarsu.

Ciwon ajali ya fara tsakanin babban yatsa da manuni. Roba ba ta san ana ɗage tafiya ba, tsufanta kawai take yi. Aka hura wa Dama iska, muka zuba wa allurar awo ido, sai ta fara sauka a hankali. Na kara kunne, na ji kalmarta ta ƙarshe: "sssss".

A lokacin ban yi kuka ba, domin safa ana sake ta. Al'adar ma'aikatarmu ita ce, wanda safarsa ta mutu kuma yana cikin masu tafiya, cikin makon nan ofis ke aika wa Madam Odile takarda ta sake auna shi. Na jira mako uku. Ranar da haƙurina ya ƙare, na haɗu da shugabanmu a baranda, ya dafa kafaɗata yana murmushi: "Dattijo, yaya kamun kifi? Ƙaguwa ta fara fitowa kuwa?" Na ce ta fara, na wuce ɗakin ɗinki.

"Wendell, ɗana, ja kujera," in ji Madam Odile. "Ga kofi, ga burodin masara."

"Mama, ni ba kofi ya kawo ni ba. Takarda ta zo?"

"Ta zo."

Na naɗe hannun riga na miƙa mata.

"Mayar da hannunka aljihu. Tun ranar Talata na auna Lyle Dorsett." Ta cire tabarau ta kalle ni. "Au, ba su gaya maka ba? Kai, mutanen nan ba su da ta ido! Sai ni tsohuwa mai allura aka bar wa?"

Haka ake sallamar mutum a wurinmu. Ba wanda zai kira ka ofis, sai dai ka ji an auna hannun wani. Lyle shekararsa talatin da huɗu, ni na koya masa aikin tafki, ga ladabi ga ƙwazo. Na yi iya ƙoƙarina in tsane shi, abin ya ƙi. Shekara goma sha huɗu na ba wa wannan jira, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Marigayan sun bar ni. Sun bar hannuwan filasta biyu a kan kantar Madam Odile, ta ce ba za ta fasa su ba sai an tilasta ta. Sun bar Lorna da shuɗiyar rigar da ta saya don ranar tashi, har yanzu da takardar kanti a wuya. Sun bar kwalkwali, wanda bai ko gama makoki ba ya samu wani kai. Sai tauraron can sama, da bai taɓa sanin da su ba.

Jana'iza ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, a ɗakin bincike na gini na bakwai. Kayan hukuma ne, ba za a ba ni gawa ba. Za a tsaga Dama da almakashi don a ga inda ta gaza, a sa Hagu a leda a kai ta sito. Ba a buƙatar furanni.

Zaman makoki sai sha tara ga Yuni, ranar da Lyle zai fita daga kumbo. Mai son yi mini ta'aziyya ya same ni a ɗakin rediyo, domin ni aka ba aikin yi masa magana daga ƙasa, in faɗa masa inda zai sa hannu da lokacin da zai damƙe. Na karɓa, saboda ba wanda ya san tauraron nan kamar ni, kuma ina so a kama shi.

Roƙona ɗaya ga masu zuwa: kada kowa ya ce mini akwai wata tafiyar a gaba. Shekarata hamsin da biyu, kuma na iya lissafi.

Wendell Rusk,
a madadin iyalan marigayan.