Muna Fata Haka

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da aka zauna a kan takardata ba, ko da yake gara in faɗa tun yanzu cewa wasu abubuwan sun dushe a kaina. Ban tabbata ko Maris ne ko Afrilu ba, zafi dai ake yi. Ban kuma tabbata ko mutum goma sha ɗaya ne a falon ko sha uku ba. Kunyar ce kaɗai ba ni da shakka a kanta.

Mu ne ake kira 'yan Kweka, amma a tsakaninmu Abokai muke ce wa juna. (Na sani, a garin nan idan aka ƙwala "aboki!" mai gyaran takalmi ne ke waiwayowa. Mun saba da zolayar.) Ba mu da ginin coci, ba fasto, ba ganga. A unguwar Trikania muke taruwa, a falon Mama Saratu, wata nas da ta yi ritaya. Mu zagaya kujerun roba, mu yi shiru na awa guda muna sauraron Allah. Wanda ya ji an ba shi magana sai ya miƙe ya faɗa a taƙaice, ya zauna.

Ni kuwa ba a cikin shiru na tashi ba. Mahaifina ya daɗe yana sakataren kwamiti a cocinmu na ƙauye, kuma abin da na koya a wurinsa shi ne, idan ka shiga taro ka ga kowa ya yi tsit, to an gama maganar a gidan wani tun jiya. Daga baya na yi digiri a kimiyyar siyasa, abin da bai rage mini komai ba.

Bayan kusan shekara biyu ina zuwa, na rubuta takardar neman zama cikakken mamba. Shafi huɗu, har da gabatarwa da kammalawa. Ina son abin ƙwarai, don tun da na gama bautar ƙasa ban sami wurin da nake zama zuciyata ta daina gudu ba sai wannan falon. Malama Rifkatu ce ta karɓa. Ita ce magatakardar taron, wato mai rubuta abin da aka cimma, kuma tana ɓata rai idan aka ce mata shugaba. Ta ce za a turo mutum biyu su ziyarce ni, haka al'adar take. Ziyara ta ce. Ni kwamitin bincike na ji.

Ranar Asabar da yamma suka zo ɗakina a Rido, Mama Saratu da Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin masaƙa. Na share ɗakin sau biyu, na sayo lemo mai sanyi, na haddace amsoshin tambayoyi wajen ashirin da na zaci za a yi mini. Ba a yi ko ɗaya ba. Suka sha lemo, suka yi shiru. Baba ya tambaye ni inda muke samun ruwa a unguwar. Can sai Mama ta ƙura mini ido ta ce, "Ɗana, kana samun barci kuwa?"

Na ɗauka an kama ni. Domin akwai abin da na ɓoye: na sha yin gyangyaɗi a lokacin shiru. Ina dai sunkuyar da kai yadda zai yi kama da zurfin addu'a.

"Sosai ma, Mama," na ce.

"To," in ji ta.

Mako guda na yi ina juya wannan "to". Ai "to" iri-iri ne. Akwai na yarda, akwai na za mu gani, akwai na Allah ya shirye ka. Nata, a kunnena, na ukun ne. Sai na fara ganin alamu ko'ina. Na hango Mama da Malama Rifkatu suna magana a bakin get, ina matsowa suka daina. Baba Yohanna ya gaishe ni da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba, kamar mai yi mini ta'aziyya. Ban ce an haɗa mini baki ba. Na dai ce abin ya yi kama da haka.

Dole kuma in amsa wani laifin a nan. Taron shawara, wanda ake yi sau ɗaya a wata bayan sujada, ban taɓa tsayawa ba. Ina koyar da darasi ga masu shirin jarrabawa ranar Lahadi da rana, don haka ana tashi nake neman keke. An gaya mini ba a kaɗa ƙuri'a, ana jira ne har hankalin kowa ya kwanta a kan abu ɗaya, sannan magatakarda ta rubuta ta karanto. Na ji, amma ban gaskata ba. Yaya za a yi mutum goma sha wani abu su yanke magana ba a ƙirga hannu ba? Na ce a raina dole akwai mai ƙirgawa a ɓoye.

Ranar da za a zauna a kan takardata, na soke darasin. Da aka zo kan maganata, Malama Rifkatu ta ce, "Aboki, ɗan ba mu wuri." Na fita baranda na zauna a benci. A hankali bencin ya matsa kusa da taga. (Ban tuna na ja shi ba, amma na yarda benci ba ya tafiya da kansa.)

Shiru. Shiru mai tsawo, irin wanda mahaifina ya gargaɗe ni a kansa. Na ji muryar Mama ƙasa-ƙasa, na ji sunana, na kuma rantse na ji kalmar "barci". Sai wani shirun. Malama Rifkatu ta gyara murya za ta karanta abin da ta rubuta, a daidai lokacin maƙwabta suka tayar da injin markaɗe. Ban ji komai ba sai ƙarar tattasai. Injin na tsayawa na ji ƙarshen maganarta: "Abokai, wannan ya yi daidai?"

Sai muryoyi, a sanyaye, ɗaya bayan ɗaya: "Muna fata haka." "Muna fata haka." Baba ya zo na ƙarshe, "Ina fata haka."

Ba tafi, ba amin. Ni kuwa na san "muna fata". Na je intabiyu ya fi a ƙirga. "Muna fata za mu neme ka" ita ce hanyar da mutanen kirki ke cewa ka tafi gida. Na yanke cewa an ƙi ni, kuma ana fatan zan ɗauka da haƙuri.

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba.

"Ku gafarce ni," na ce, "amma ina ganin, idan ban yi kuskure ba, kowa yana da damar ya kare kansa. Na san maganar barci ce. Gaskiya ne, na yi. Sau uku. Watakila biyar. Amma ban taɓa minshari ba, iya sanina."

Kowa ya zuba mini ido. Da na tsaya a nan da da sauƙi. Ban tsaya ba. Na juya wurin Mama, matar da ta shekara biyu tana ba ni zoɓo a falonta, na ce, "Mama, da kin gaya mini a fuskata ranar da kika zo, maimakon ki ce 'to' ki je ki shirya magana a bakin get." Sannan na ce a daina ɓoye-ɓoye, a yi a fili. "Duk wanda ba ya so na a nan, ya ɗaga hannu. Haka." Na ɗaga nawa don in nuna musu yadda ake yi.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne, a wurinmu duk wanda ya yi magana, ko mece ce, ana bin ta da shiru don a auna ta. Sai suka sunkuyar da kai suna auna tawa. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar kujeru, hannu a sama, na rasa yadda ake sauke shi. Fanka na juyawa. Gumi na bin hammatata.

Baba Yohanna ne ya fara ɗagowa. Ya duba hagu, ya duba dama. "Ɗana," ya ce, "hannu ɗaya nake gani, kuma naka ne."

Wata a bayana ta toshe baki da gyale. Malama Rifkatu, ba ko murmushi, ta ɗauki littafinta ta sake karantawa: taron ya karɓe ni a matsayin mamba, da farin ciki. Ta ce, "Malam, ba ma cewa 'e', don ba wanda zai bugi ƙirji ya ce ya gama sanin nufin Allah. 'Muna fata haka' ita ce amincewarmu. Da ka taɓa tsayawa taron shawara da ka sani."

"Barcin fa?" na tambaya, kamar ban ƙoshi ba.

"Cewa na yi idanunka sun yi ja, aiki ya yi maka yawa, a rage ba ka share-sharen falon nan," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta kalle ni ba. "Ban san kana barci a nan ba sai yanzu. Kuma ni ce na fara cewa a karɓe ka."

A nan dariyar ta ɗauke. Malama Rifkatu ta ce an riga an amince da rubutun, amma tunda an zargi Abokiya a gaban taro, ba za a wuce ba sai an ji ko har yanzu hankalin kowa a kwance yake. Karo na farko a ranar, da gaske kujerata tana rawa, kuma ni na girgiza ta. Na durƙusa a gaban Mama na ba ta haƙuri, ba "idan", ba "watakila". Sannan ta ce a bar rubutun yadda yake, a ƙara layi ɗaya: sabon mamba zai zauna kusa da magatakarda a taron shawara uku masu zuwa, bakinsa a rufe.

"Hannunsa ma," in ji Baba.

Na yi ukun, na ƙara da wasu. Abin da na koya ba shi da daɗin faɗa: ni da ba na iya cewa "e" sai na jingina mata "ina ganin", ni ne na ji mutane sun amince da ni cikin tawali'u na ɗauka makirci ne.

Wannan shi ne iya abin da na tuna. Baba ya nace sau tara na ce na yi barci, wata kuma ta ce hannu biyu na ɗaga. Ban yarda ba, amma ba zan rantse ba. Duk wanda yake falon a ranar, idan ya ga na rage ko na ƙara, don Allah ya aiko mini da gyara. Ya dai faɗa da baki ko ya rubuto. Kada ya karanta ya yi shiru, don har yanzu ban gama warkewa ba.